Firijin da Bai Ɗauki Furar Inna Balkissa Ba

Ranar Juma'a, 17 ga Oktoba, 2025, an idar da salla ina tsaye a harabar masallaci ina duban teburin da kike jera robobin fura, babu ke babu su, sai Hamissou, direban da ke kawo ki, ya kira ni. Ya ce tun hantsi yake buga ƙofarki ba a amsa ba, sai da masu kula da ginin suka buɗe. An same ki a kan sallaya. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, tun ranar Alhamis. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Balkissa, kin cika ke kaɗai a saman bene a Alexandria ta nan Amurka, a ranar da kika saba kwana a gidana.

Ba ke kika haife ni ba. Ke 'yar Maradi, ni 'yar Kano, kuma a sahun mata muka fara haɗuwa, lokacin ina da tsohon cikin Zahra. An hana mahaifiyata biza, ina ta kuka a ɓoye. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Ɗiyata, wa za shi yi miki wankan jego?" Na ce babu kowa. Ranar da aka sallame ni daga asibiti na tarar da ke a ƙofar gidanmu a Mitchellville, da jakarki da ƙullin kanwa. Kika dama kunu, kika dafa ruwan wanka, kika kori maigidana Auwalu daga kicin kika ce ya je ya nemi aikin maza. Har yau in ya tuna sai ya yi dariya. Ni da nake aikin jinya na yi ta yi miki gardamar zafin ruwan, ko kallona ba ki yi ba.

Bayan arba'in kika koma gidanki, amma kika zo mini da wata buƙata. Kika ce firijinki ƙarami ne, ba ya ɗaukar furar da kike sayarwa ranar Juma'a, kuma gidanmu ya fi kusa da masallaci. Tun daga nan kowace Alhamis Hamissou ke sauke ki da kula biyu. Mu jera robobi a babban firijinmu mai ƙofa biyu, ki kwana, washegari mu tafi masallaci tare. A haka yarana suka tashi. Kina yi musu Hausa suna amsa miki da Turanci, kina ce musu 'yan nasara, suna rububin zama kusa da ke. Robata kuma daban take, mai jan murfi, wadda kike cika wa citta saboda kin san bakina.

A bazarar bana na tashi gyaran kicin. Na ga hotunan kicin ɗin Amurkawa na zamanin kakanninsu, daɓe baƙi da fari, kujeru masu ƙafar ƙarfe, raina ya biya. Saura firiji. Aka yi mini kwatancen wani dattijo a Upper Marlboro, sunansa Clinton, mai gyara tsofaffin firiji yana sayarwa. Wata Alhamis na ɗauke ki muka je, don na san kina da ido.

Biyu ya nuna mana. Ɗaya sabo ne da aka yi wa siffar na da, cikinsa da faɗi. Ɗayan tsoho ne na gaske, gajere, mai zagayayyun kafaɗu, launin man shanu, da mariƙin ƙarfe irin na ƙofar tsohuwar mota. Kina ganinsa kika tafa hannu kika ce, "Kai! Irin wanga frigo na gani kantin Balarabe a Maradi ina yarinya. Mu kan tahi don mu taɓa shi kawai mu ji sanyi." Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka kin zaɓa mini. Sannan kika buɗe shi. Kika sa tafin hannunki kika auna faɗin cikinsa, kika auna tsayinsa, kika leƙa ɗan akwatin ƙanƙarar da bai wuce kwanon sha ba. Kika rufe a hankali.

Na ga awon nan, Inna. Da idona na gani, kuma na san abin da kike aunawa. Amma sai na juya na tambayi Clinton ko fentin na asali ne.

A mota na ce, "Inna, wanne kika gani?" Kika ce, "Ɗauki wanda ranki ke so, ɗiyata. Kicin naki ne." Auwalu ya ce a mayar da babban firijin gareji saboda furarki. Na ce zai tare hanya, ga cin wuta, na sa aka ɗauke shi.

Alhamis ta zagayo kika zo kamar kullum. Muka yi ta cusa robobi, rabi bai shiga ba, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ke ce ma kika yi ta dariya kina cewa frigon nan ɗan gayu ne, bai saba da kayan talakawa ba. Da safe kika ce kada in damu, daga yanzu Hamissou zai riƙa kai ki masallaci kai tsaye. Na ce to. Daga baya na ce miki a waya ki riƙa zuwa ko babu fura. Kika ce, "In zo in zamna hannu rabbana, in ci in sha? Ina jin kunya." Na yi dariya na bar maganar. Baƙi suna zuwa suna yaba kicin, suna ɗaukar hoto a jikin firijin, ni kuma ina ta jin daɗi.

Na yarda ajali ba ya jinkiri. Ba na cewa da kina gidana da kin rayu. Abin da ke cin raina shi ne, da kina gidana, da akwai mai riƙe hannunki yana tuna miki kalmar shahada. A wurin aiki na yi wa mutanen da ban san sunan iyayensu ba haka. Ke kuwa sai ruwan wankan gawa na samu na zuba miki.

Bayan sadakar uku na je taya ɗanki Yacouba kwashe kaya. Yana tuƙin babbar mota a Ohio, da ƙyar ya iso jana'iza. Duk shekarun nan ban taɓa wuce falonki ba, sai ranar na shiga kicin. Na tarar da firiji mai ƙofa biyu, ya fi wanda na fitar girma, ga firiza ta daban a gefensa. Na tsaya sororo. Na ce, "Yacouba, yaushe aka sayi waɗannan?" Ya ce, "Ai sun daɗe, Yaya. Ni na saya mata tun shekarar da ta fara fura." Na ce ai ta ce nata ƙarami ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna ba ta iya zuwa gidan mutane babu dalili. Ta ce mini gidanki ne kaɗai take jin motsin yara."

Na buɗe firijin. Furar Juma'ar nan tana jere, ba ta cika ko rabinsa ba. A gaba ga mai jan murfi.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Balkissa, Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya makwancinta. Ka ba ta maƙwabta na gari a can, waɗanda ba za su bar ta ita kaɗai ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yacouba, da 'yan'uwanta na Maradi, da Hamissou, da matan sahunmu na Juma'a. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Na roƙi Yacouba ya yafe mini a madadinki, ya ce babu komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Na taho da robar gida, Inna. Ta shiga firijin, har da sauran wuri. Yau Alhamis, kuma har yanzu na kasa buɗe ta.

Rumasa'u Auwalu
Mitchellville, Maryland