Gidan da Ba a Jos Yake Ba

Ban taɓa mantawa da ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Alhamis ba. A lokacin ne na zura hannu ƙasan akwatin ƙarfe mai lamba goma sha huɗu, na ciro wani ɗan littafi da ba wanda ya san yana ciki.

Ina aji uku a sashen tarihi, an tura ni horon aiki na wata shida a wani ɗakin adana tsofaffin takardu kusa da Titin Bauchi a Jos. Ga ku sababbin 'yan horo da ba ku san aikin ba tukuna, duk abin da ya shigo, hoto ko wasiƙa, sai an yi masa kati: lambarsa, wanda ya kawo shi, da abin da yake nunawa. Wanda ya cika katin shi zai sa hannu a ƙasa. Shugabarmu, Madam Nkechi, haifaffiyar Jos, tun ranar farko ta ce kada in rubuta a kati abin da idona bai gani ba. Ita ce kuma za ta sa hannu a littafin horona, wanda in babu shi ba zan shiga aji huɗu ba. Saura mini mako guda.

Da ƙarfe sha ɗaya na ranar za a buɗe baje kolin kayan zamanin haƙar kuza. A bakin ƙofa an kafa wani babban hoto: gidan dutse mai hawa uku, da bututun hayaƙi bakwai, da matakala mai faɗi. An rubuta a ƙasa cewa gidan manajan kamfanin kuza ne a Jos, wanda aka rushe tun tuni. Madam ce ta yi rubutun shekarun baya. Hoton daga wannan akwatin ya fito, kyautar Baba Ɗanladi, wani tsohon tela a Rikkos, wanda mahaifinsa ya yi wa wani Baturen kuza aikin kuku. Ni aka ba sabunta katin hoton.

Da tafireta aka buga littafin, tarihin wani ƙauye ne a Ingila. Ya ce ƙauyen ya fara da coci ɗaya da rijiya da 'yan gidajen masu kiwon tumaki. Iyali guda suka mallaki filin gaba ɗaya, suka gina babban gida a kan tudu, har ya zama duk ɗan ƙauyen ko yana yi musu noma ko yana yi musu hidima. Gobara ta taɓa cinye ɓangaren yamma aka sake ginawa. Da arziki ya juya wa iyalin baya, rufi ya fara yoyo, sai suka sayar wa wani da ya dawo daga haƙar kuza a Najeriya. A shafin ƙarshe akwai hoton gidan. Na ƙirga bututun sau uku. Bakwai ne. Har tsagewar da ke matakala ta biyu a hotonmu tana nan.

Na samu Madam tana gyara kujeru. Na miƙa mata littafin a buɗe. Ta duba, ta je bakin ƙofa ta dubi hoton, ta dawo ta ja ni ofis ta rufe ƙofa.

"Asabe, kin san ƙarfe nawa yanzu? Malamanki na jami'a suna hanya. Akwai wanda ya sa hoton nan a bincikensa, da sunana a ƙasa."

Na ce, "Madam, ke kika ce kada in rubuta..."

"Na san abin da na ce! Bar ta tawa ma. Tsohon nan zai zo da jikokinsa ya nuna musu gidan da ubansa ya yi aiki. Ke za ki ce masa ba haka ba ne? Ke da ko gaisuwarki sai an kasa kunne?" Ta tura mini katin. "Rubuta Jos ki sa hannu. Mako mai zuwa ma duba. Littafin horonki ma yana nan cikin durowa, ban manta da shi ba."

Har yau ban san ko barazana ce ko tunatarwa ba. Na koma teburina na cika lamba, na cika sunan mai bayarwa. Da na zo layin wuri sai biron ya tsaya. Na bar shi fari, na sa katin a aljihun jakata.

Saura minti goma a buɗe, keke mai ƙafa uku ya sauke Baba Ɗanladi da jikokinsa mata biyu, yana ta mitar cunkoson Tina Junction. Ya dogara sandarsa har gaban hoton, ya tsaya yana kallonsa. Malamaina uku suna gefe. Madam tana bayana, ina jin numfashinta. Na durƙusa na gaishe shi.

"Lafiya lau, 'yata. Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

Dole na ɗaga, har kowa ya juyo. "Baba, gidan nan a ina yake?"

"A ina aka ce yake? Idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Ƙaramar jikar ta karanta masa: "An ce a Jos, Baba."

Ku da kuka fara horo yanzu, ku sani Madam da hannunta ta cire rubutun nan kafin a zauna, da yamma kuma ta sa hannu a littafina ba ta dube ni ba. Tun daga ranar ba na buɗe akwati sai na tambaya ko mai shi yana raye, domin mu masu wannan aiki mun fi sakin jiki da takarda fiye da mutum. Amma a wannan lokacin ban san yadda za ta kaya ba. Ina durƙushe ina jira, sai tsohon ya yi dariya har da tari.

"Jos? Wa ya ce? Ingila ce, 'yata. Bature ya tafi da mahaifina can shekara biyu. Kin ga 'yar tagar nan ta ƙasa, dab da matakala? Nan kicin yake, nan kuma yake kwana, ya ce sanyi ya kusa kashe shi. Har ya rasu yana cewa rufin gidan nan da kuzarmu aka gyara shi. Ranar da aka zo ɗaukar akwatin an goge shi, an liƙa masa lamba, an yi mini godiya. Ba wanda ya zauna ya tambaye ni sai ke."