Shekarar da Aka Kashe Injinmu

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na uku a ƙasar waje, an tura ni wata cibiyar bincike mai wani ƙaton inji. Siffarsa kamar awarwaron ƙarfe, amma mutum na iya shiga cikinsa. A ciki ake zafafa iskar gas har ta fi ita kanta rana zafi, ana neman hanyar samun lantarki irin yadda rana ke samar da haskenta. Ni aikina auna zafin da ke dukan bangon ciki.

Ban daɗe da farawa ba aka ce za a kashe injin, a sauya fale-falen da suka lulluɓe bangon, a ƙara sababbin na'urori. Gyaran zai haura shekara, kafin a gama, wa'adin karatuna ya cika. Na tattara kayana na taho gida Pauwa, raina a jagule.

Kafin in huce gajiya labari ya zaga gari, wai na lalata injin Turawa an koro ni. Kawuna har ya ja ni gefe ya ce in ba zan ji kunya ba, injin niƙansa na Kankara na neman mai kula. Na yi godiya, don gaskiya na ɗan yi tunanin karɓa.

Wata safiya mahaifiyata na ɓarar gyaɗa ta ce, "Wai mi ka lalata masu?"

"Ban lalata komai ba, Inna. Gyara ake yi."

"Aljanu ke gyaran?"

"Mutane ne."

"To kai ba ka da hannu? Ka taho ka zauna mani bisa tabarma kamar mai jego."

Na yi dariyar yaƙe. Ni a ganina gyara aikin makanikai ne, ni kuwa mai bincike. Duk da haka ranar na tura wa malamina saƙo. Amsarsa ta zo da wuri: suna neman marasa jiki, ƙofar shiga injin ƙarama ce. Karon farko ke nan da ramata ta yi mini rana.

Na koma. Kullum a sa mini farar riga daga kai har ƙafa, in rarrafa ciki, in yi ta kwance tsofaffin fale-fale a durƙushe, ina ɗaure sababbi da kusoshi. Ba a yarda ko gashi ɗaya ya faɗi a ciki ba. Bayana ya gaya mini. Ana cikin haka na lura kowane fale da muka cire yana da tabon ƙuna, wani baƙi, wani ya zaizaye. Na nuna wa malamina na ce, ai ga zafin da nake son aunawa, ya bar sawunsa. Ya juya falen a hannunsa ya ce, "Kwashe su ka kai ɗakin gwaji." A kansu na rubuta bincikena, na kuma gama kan lokaci.

Ranar da aka sake kunna injin na riga na dawo gida ina koyarwa. Wani abokina na can ya turo mini bidiyo: wani haske mai ruwan hoda ya zagaya cikin ƙarfen, ya ɗauke. Kowa a wurin haske yake kallo yana tafi. Ni bangon nake kallo, ina neman layin da na ɗaure.

Injin nan bai kunna ko ƙwan lantarki ɗaya ba har yau, wataƙila ma ba zan ga ranar ba. Abin ba ya damuna. Duk sanda aka kunna shi, akwai kusoshin da ke riƙe da bangonsa, kuma wani mutumin Pauwa ne ya ɗaure su.