Baƙar Azara a Ɗakin Dada

A Jabo da ƙauyukan da ke kewaye da ita, in aka ce magini ba a ƙara suna ba, to Na'Allah ake nufi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shiga. Wurin mahaifinsa ya gaji ginin ƙasa, ya shiga kwaɓa tun yana ƙarami, bai kuwa fita ba har furfura ta cinye gemunsa. A gaskiya ba mutum ne mai daɗin zama ba. Ba ya hira a bakin aiki, ba ya son mai gida ya tsaya masa a ka, in kuwa ka kawo masa shawarar yadda za a ɗora katanga, sai ya miƙo maka curin ƙasa ya ce bismilla.

Abin da ya fi yin suna a kansa shi ne ba ya karɓar kafin alƙalami. Sauran masu aikin hannu kowa ya san halinsu. Maƙeri ya ce a ba shi kuɗin ƙarfe, kafinta ya ce na katako da ƙusa, daga nan mai gida ya shiga zarya. Yau a ce mai kawo kaya ya yi tafiya, gobe jaki ya karye, jibi an yi rasuwa. Na'Allah ya tsani wannan hali, ba ya kuma ɓoyewa. A gaban kowa yakan ce, "Magini in ya ci kuɗɗin mutane, sai ka ji wani nashi ya mutu." Shi dokarsa guda ce: ka sayo kayanka ka ajiye, ya zo ya yi aiki, in ya gama ka biya shi. Ya tsufa a kan haka, ba mahaluƙin da ya taɓa buga masa ƙofa yana neman kuɗinsa, wannan kuwa ya fi masa duk abin da ya mallaka.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, lokacin da kwanon rufi ya fara ƙyalli a kan shagunan attajiran Tambuwal, wata tsohuwa a Sanyinna ta aika a kira shi. Sunanta Dada. Gidansu gidan noma ne da kiwo, amma mijinta ya rasu, ɗanta Lauwali ya tafi Kaduna neman aiki ya bar mata jikoki ƙanana. Soron da take kwana da su mijin ne ya gina, ga shi rufin ya yi ciki, har ta tokare shi da gwafa a tsakiyar ɗaki.

Na'Allah ya shiga, ya ɗaga sandarsa ya zunguri azara ɗaya. Gari ya zubo masa a fuska. Gara ta gama da su ta ciki.

"Inna, wanga ɗaki ba shi ganin ƙarshen damana," in ji shi. "Ki sa a kawo sabuwar azara daga Fakku, in taho in sake rufin."

"Wa za ni aikawa Fakku? Awaki?"

Ta riga ta shirya. Karsanar da mijinta ya bar mata ta sayar a kasuwar Tambuwal, kuɗin na ƙulle a tsumma. Ta ajiye ƙullin a gabansa. Ya ture mata shi da bakin sanda, ya faɗi dokarsa kamar yadda ya saba faɗa wa kowa. Dada ba ta da laushin baki, ba ta kuma yi masa da sauƙi ba.

"To shi ke nan, Malam. Ranad da ya faɗo bisa jikokina, sai ka gaya ma mutane doka kaka tsaro."

Ya dubi gwafar, ya dubi 'yar tabarmar yaran da ke shimfiɗe daidai ƙarƙashin inda rufin ya fi lotsawa. Ya sunkuya ya ɗauki ƙullin, ransa bai so ba.

Azara ta ƙwarai daga tsohuwar giginya ake faskaro ta, a fadamun wajen Fakku, can ƙasar Kebbe. Mai faskaren da Na'Allah ya yarda da shi Ɗanmaliki ne, sun daɗe tare, bai taɓa aiko masa da ɓargon itace a maimakon azara ba. Shi kam dole a ba shi kuɗi tun farko, don sai ya biya mai itace ya kuma yanki takardar izini kafin ya sa gatari. Na'Allah bai bari kuɗin sun ɗumama a gidansa ba. Ya hau jaki ya tafi Fakku, ya danƙa wa Ɗanmaliki ƙullin yadda yake, suka yi alkawari in azarar ta sha rana ya dawo ya kwasa.

Da bazara ta kama, ya aro jakuna ya koma. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidan da mutane zaune shiru. Giginyar farko da Ɗanmaliki ya sara ce ta karkace ta danne shi. Ya yi jinya mai tsawo, abin da ke hannunsa ya tafi wurin masu ɗori da masu magani, sannan rai ya yi halinsa. Ranar addu'ar uku Na'Allah ya tarar.

Ya zauna a gefen tabarma. Daga inda yake yana ganin rumbun gidan a buɗe, ba komai ciki sai kara, yana kuma jin kukan jariri daga cikin gida. Da aka shafa fatiha, liman ya yi abin da aka saba yi wa kowane mamaci. Ya ce duk wanda ke bin Ɗanmaliki wani abu ya faɗa yanzu, a san yadda za a sauke masa nauyi, kada a bar shi da shi a kabari. Wani ya ambaci ɗan gishirin da ya ba shi, ya ce ya yafe. Liman ya sake tambaya, yana duban baƙon da ya zo da jakuna da igiyoyi. Na'Allah ya ce shi ta'aziyya ta kawo shi, ba ya bin mamaci komai.

Sai a hanya, jakuna na gaba ba kaya, ya auna abin da ya yi. Ya yafe abin da ba nasa ba. Nauyin bai ɓace ba, wuyansa ya komo.

Matarsa Hauwa'u, wadda yake kira Kulu, ta saurare shi har ya gama.

"Malam, tafi ka gaya mata gaskiya. Ita ma musulma ta."

"In ce mata mi? In ce wani ya mutu?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kuma in na faɗi, bashin ya koma bisa Ɗanmaliki. Kin san bakin Dada. Fakku za ta, ta tsaye ma marayu. Na riga na ce gaban liman ba ni bin shi komi."

Ba shi da saniyar sayarwa, geron rumbu ko kaka ba zai kai su ba. Ko da kuɗin ma, busasshiyar azara ta ƙare a kasuwanni, kowa ya kwashi tasa tun rani, ɗanya kuwa ba zai ɗora ta a kan 'ya'yan mutane ba. Saƙon Dada ya fara zuwa. Duk ranar kasuwar Tambuwal sai wani ya tare shi ya ce tsohuwar Sanyinna na gaisuwa, tana tambaya ko jakunan sun ɓata hanya ne. Hadari ya fara taruwa a gabas da yamma yana watsewa. Na'Allah ya daina cin abinci sosai. Tsoro yake ji, na ɗakin da na sunansa, ya rasa wanne ya fi damunsa.

Wata safiya Kulu ta fito ta same shi tsaye a cikin zauren gidan, ya ɗaga kai yana zungurar rufi da sanda. Mahaifinsa ne ya gina zauren nan. A ciki yake saukar baƙi, a ciki ake buɗa baki da azumi, hayaƙin wutar da ake jin ɗumi da sanyi ya mai da azarar baƙa wuluk. Ko'ina ya zungura sai sandar ta yi ƙara ta dawo, ba gari ko kaɗan.

Ta gane tun bai yi magana ba.

"Malam, gida ba zaure? Ina za ka aje baƙi? Aikin Baba na fa."

"Baba ba shi kwana ƙarƙashinta. Jikokin Dada ka kwana ƙarƙashin waccan."

Ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Da ta share hawaye ta shiga ta naɗe tabarmi, ta kwashe buta da buzu. Maƙwabta da suka ga yana fasa rufi suka tambaya, ya ce sabuntawa zai yi. Ya zare azarar ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, bai bari kowa ya sa gatari ba, ya ɗaure a kan jakuna.

A Sanyinna, Dada ta fito da murna da ta ji sallama. Murnar ta gushe da aka sauke kaya. Ta shafa azara ɗaya, ta dubi baƙin da ya kama tafinta.

"Wagga ita ta sabuwa?"

"Ta fi sabuwa, Inna."

"Karsana guda nis saida, Malam. Karsana! Ka kawo min tsohon icce da wani ya yar. Kangon wa kaf fasa?"

Maganar ta soke shi har ƙashi. Abin da ya ce kawai shi ne, "In ya yi yoyo ki aiko a kira ni."

Ba ta da wata dabara, ruwa na bisa kai, ta bar shi ya yi. Ya sauke ruɓaɓɓen rufin, ya jera baƙar azara kusa da kusa, ya shimfiɗa zana, ya ɗora ƙasa ya daddaɓe, ya bi da makubar ɓawon ɗorawa mai hana ruwa shiga, ya kafa indararo. Bai taɓa yin rufi da kulawa irin wannan ba. Da ya gama ya cire gwafar ya jingine ta a waje. Dada ta ce ladan aikinsa yana cikin abin da ya riga ya ci. Ya kora jakunansa ya tafi.

Zancen ya riga shi isa gida. A bakin rijiya, a kasuwa, a wurin suna, Dada ba ta gaji da bayar da labarin ba, mutane kuwa ba abin da suke so irin su ji mai tsantseni ya zame. "Ashe Na'Allah ma ya fara," haka ake cewa. Wani mai gida a Tambuwal da suka yi maganar yaɓen gida ya ba wani magini aikin ba tare da ya aiko masa ba. Na'Allah ya ji duka. Mutumin da bai iya haɗiye magana ba tun yana saurayi, ga shi ya haɗiye wannan, ta kuwa ci shi. Kulu ta roƙe shi ya bar ta ta faɗa wa ko mace ɗaya, ya hana.

Ruwa ya sauka da ƙarfi a shekarar. Zaure ba rufi, katangunsa suka fara narkewa ta sama. Ya hau cikin ruwa yana rufe kawunansu da ciyawa, ya jiƙe sharkaf, ya sauko da tari. Tarin ya sauka ƙirji ya kwantar da shi. Wannan ce damina ta ƙarshe da ya gani.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Dada ta zo Jabo wurin sunan wata 'yar uwarta. Ta ce tunda Allah ya kawo ta, sai ta faɗa wa magini sauran maganarta ido da ido. Yana kwance a ɗaki ya ji muryarta a waje tana tambayar ko nan ne gidan. Ya ji ta rafka sallama da ƙarfi, ya ji takunta ya shigo zaure. Daga nan bai ƙara jin komai ba. Ya san abin da take kallo: sararin sama a inda rufi ya kamata, ramukan da azara ta kwanta a jere a kan katanga, da baƙin hayaƙi da ruwa ya wanko yana bin bango.

Ya ji ta tambayi Kulu a hankali, "Yaushe anka fasa wanga?"

"Tambayi mai shi, Inna. Shina ciki."

Ta shigo a sunkuye, ta zauna a bakin ƙofa, ba ta ma yi gaisuwa ba. Ya rame ƙwarai, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Malam, kuɗɗina ina sunka tafi?"

"Sun tafi inda Allah ya kai su. Ban ci ba."

"Don mi ba ka faɗi ba? Ka bar ni ina yawo da sunanka gari gari." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya bari tarin ya lafa, sannan ya juyo da kansa wajenta.

"Inna, ɗakin ya yi yoyo?"

"Ko ɗigo."

"Yaran suna kwana ciki?"

"Suna kwana."

Ya lumshe ido, ya ja numfashi mai tsawo, Kulu ta ga kafaɗunsa sun sauka a kan tabarma.

"To shi za ki gaya ma mutanen Sanyinna," in ji shi. "Ki ce Na'Allah ya yi rufi bai yi yoyo ba. Sauran ki bar min."