Rabon Igiyar Sarkin Dabara

Ni dai tun ina yaro wayona bai taɓa wuce hancina ba. Makarantar lakwal ma shekara biyu na yi, mushe malaminmu ya ce in je in taimaki iyayena, wai benci ya gaji da ni. Amma babbar wautata ita ce da na ɗauka zan iya yi wa makauniya wayo.

Kakarmu ce, Iya Gambo, a garin Dogo. Idan bazara ta yi nisa, bayan sallar lisha sai ta sa a hura wuta, a zube mana gyaɗar iri mu ɓare, don ruwan shuka ba ya jiran kowa. Dokarta ɗaya ce: hannu na aiki, baki na tatsuniya. Ƙarar ɓawo ta tsaya, ita ma ta tsaya. Ni kuwa sai in tara ɓawon da yayata Hadiza ta zubar, in riƙa murtsuka shi ƙas-ƙas, ƙwaryata wayam.

Ran nan ta ce, "Ga ta nan, mai hannu ya karɓa."

Wai a wani gari rijiya ɗaya ce, mai zurfin gaske. Kowace shekara kowane gida yakan tufka rabonsa na igiyar kaba, a haɗa ta zama guda. Akwai wani, Sarkin Dabara, ya ce a cikin igiya mai tsawo haka wa zai gane tasa? Ya tufka sako-sako, ya koma inuwa. Da rijiya ta cushe aka nemi marar nauyi a zura shi ya yashe ta, sai aka ga duk garin babu ramamme kamarsa. Aka ɗaura masa igiyar a ƙugu. Yana sauka yana kallon sama, rabon gida-gida na wucewa kan itacen bakin rijiya. Ga na maƙera, ga na liman, ga na gwauruwar bayan kasuwa, duk tamau. Can sai ya hango nasa yana tahowa.

Nan Iya ta yanke tatsuniyar.

Na ce, "Iya, ta tsinke?"

Ta ce, "Miƙo ƙwaryarka, maigida." Ta shafa cikinta, ta yi dariya. "Mijin nan nawa ba zai ciyar da ni ba. Ai ɓawon wofi ya fi ƙara. Tafi ka kwanta, ƙarshen na masu gyaɗa ne."

Na yi fushi, na ce ba na so. Kafin fushin ya huce, damina ta sauka aka daina hira, da kaka kuma Allah ya karɓi abarsa.

Na zo Damagaram na ƙare a tasha, ina ɗaurin kaya a kan manyan motocin kamiyo. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya ɗaure. Amma duk sanda na ga mata da goyo sun hau kan buhunan sun kama igiyata, sai in sake zagayawa in ja kowane ƙulli. Abokan aiki suka sa mini suna Malam Sake-Duba. Ba su san rijiya nake gani ba.

Bara na je gaida Hadiza, ta tsufa, ita ma idon ya fara tafiya. Na ce, "Yaya, don Allah, igiyar nan ta Iya, ta tsinke ko ba ta tsinke ba?"

Ta juyo da kunnenta wajena, ta ce, "Kai da ka tufka, mu za ka tambaya?"