Rubutun Ishaya a takardar ƙosai

Jama'a, yau na ga rubutun Ishaya!

Sababbin shiga, Ishaya abokinmu ne ɗan Michika, tare muke kallon finafinan nan na yaƙin sararin samaniya. Kullum ƙorafinsa ɗaya: shekaru ɗarin da aka tsallake, tsakanin rushewar duniyar farko da zuwan jiragen ceto, ba a taɓa nuna su ba. Ya ce tunda masu shirya finafinan sun ƙi, shi zai rubuta. Ya cika littafi guda. Ranar da 'yan ta'adda suka shigo garinmu Mubi muka watse, tun daga nan ba wanda ya ƙara jin labarinsa.

To, da safen nan na tsaya sayen ƙosai a unguwar Yelwa, nan Mubi. Matar ta naɗe min a takarda. Ina buɗewa sai ga zanen jirgi, mai ya jiƙe shi. Wallahi hannunsa ne!

Na ce, "Mama, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "A ɗakin da muka kama haya na tarar. Masu shi ba su dawo ba."

Na ce, "Ina sauran?"

Ta ce, "Ayya, ɗana, sati biyu ke nan ina naɗe ƙosai da shi. Saura shafi uku."

Ta miƙo min. A tsaye na karanta. Jiragen ceton ba su iso ba, bai kai wurin ba. Layin ƙarshe, shugabar ayarin ce ke ce wa mutanenta: "Ku rufe ƙofa kawai, kar ku ɗauki kaya. Kwana biyu za mu dawo."

Ƙosan na nan, na kasa ci.