Ƙwallon Auta da Idon Baba

Ƙanena, autan gidanmu, ya buga ƙwallo a Amurka, amma ba irin tamu ba. Tasu doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta a ruga da ita, ƙarti suna kayar da juna. Shi ba ya cikin masu gudun. Yakan tsaya a bakin fili har sai ƙungiyarsu ta kasa kai ƙwallo ƙarshen fili da hannu, sannan a kira shi. Wani ya dafa masa ita a ƙasa da yatsa, shi kuma ya buga. A ƙarshen filin akwai sanda a gicciye, da wasu dogaye biyu a tsaye a kanta, duka rawaya. Idan ƙwallon ta bi ta saman ta gicciyen, tsakanin na tsayen, ya ci. Idan ta bi ta gefe ko ta ƙasa, ya kuskure. Aikin ke nan. In aka haɗa duk lokacin da yake yi a cikin fili a wasa guda, bai isa a shanye kofin shayi ba.

Mu ƴan wani ƙauye ne kusa da Hawandawaki, manoman gero da wake. Kiristoci ne mu, muna da ƙaramin coci mai rufin kwano. Auta ya tsare gida a ƙungiyar makarantarsu ta lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi, kuma in ya buga ƙwallo daga ragarsa sai ta faɗa kusa da ragar abokan hamayya. Wani malami ya nema masa gurbin karatu a Amurka, can aka canza masa wasa. Da ya gama jami'a ba ƙungiyar da ta ɗauke shi. Ya yi dako a wani rumbun kaya, da yamma ya je fili shi kaɗai ya yi ta bugu, ya je ya tsinto ƙwallon da kansa. Sai a tsakiyar wata kakar wasa mai bugun wata babbar ƙungiya ya ji ciwo a cinya, aka kira shi.

Ya faɗa mini yadda abin yake tun ranar farko. Ana wasa ranar Lahadi. Wanda ya kuskure, ranar Talata ake kiran wasu masu bugun a gwada su a gabansa ko a bayansa. Akwai mutane da yawa zaune a gidajensu, ƙafarsu a shirye, suna jiran ya yi tuntuɓe. Takardar zamansa a ƙasar kuma tana rataye ne da aikin.

A wannan kakar ce idon Baba ya fara mutuwa. Na dama ya riga ya tafi kafin mu kai shi asibiti. Likita a Maraɗi ya ce na hagun ma yana kan hanya, magani na rage masa sauri ne kawai, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Baba bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya nema, ya ga fuskar Auta kafin duhu ya gama rufe shi. Rabonsa da ganinsa tun yana siririn saurayi.

Ni ina aiki a wani gidan rediyo a Tasawa, kuma duk ƙarshen mako nakan hau moto, wato babur, in bi rairayi zuwa gida. Auta kan turo mini gajeren bidiyon bugunsa, in kai wa Baba. Sai ya riƙe wayar dab da idon hagu, har hancinsa na taɓa gilashin. Mutanen ba ya bambance su, amma sandunan rawaya yana ganinsu sarai, yana kuma ganin ƙwallon ta tashi ta wuce can sama.

Ranar farko ya kalla, ya miƙo mini wayar. Mako na gaba ya yi ajiyar zuciya.

"Yau ma ta haye," in ji shi.

"Baba, ai ci ke nan. A wasansu ta sama ake ci."

"Ta sama."

"Eh. Ka ji mutane suna tafi."

"Ina ji. Mu ma muna tafi in ɗan wani gari ya ɗaga ta sama."

Baba ya san ƙwallo. Yana saurayi ya buga ba takalmi, kuma shekaru ya yi yana sauraren wasanni a rediyo. A duk saninsa, ƙwallon da ta haye sanda asara ce. Na zana masa sandunan a kan yashi da kara. Na kawo ƙwallon yara na nuna masa a kan dangar gidanmu. Ya saurara har na gama.

"Ku mutanen rediyo kun iya gyara magana," ya ce. "Kana ruhwa wa ƙanenka asiri, Allah shi yi maka albarka. Amma ni na haihe shi. Tun yana yaro ƙahwarshi ta hi ƙarhin hankalinshi."

Daga nan ya yanke cewa Auta yana shan kunya ne duk mako, kuma kunyar ce ta hana shi zuwa. In suka yi waya sai ya ce masa, "Ka sauke ta ƙasa, ɗana. In kuma ta ƙi, ka taho gida, ba wanda zai yi maka dariya." Auta ya yi ƙoƙarin bayani sau ɗaya ko biyu, ya gaji, ya koma cewa, "To, Baba."

Ni yake kira daga baya.

"Yaya, in na hau jirgi yau, kafin in sauka Yamai sun sa wani a wurina."

"Ko kwana kaɗan ba za su ba ka ba?"

"Za su ba ni, har da addu'a. In na dawo in tarar da kayana a jaka."

"Idon ba ya jira."

"Na sani. Bari in kai ƙarshen kaka. In na kai, za su ba ni kwantiragi mai tsawo, in zo in zauna wata biyu. In kawo shi nan ma a duba idon."

Na lura da muryarsa, don aikina ke nan. Tana sauri kamar ta mai karanta labarai da lokaci ya ƙure masa. Ya ce ba ya iya cin abinci daga Asabar. Ya ce sauran ƴan wasan suna gaishe shi, amma ba wanda ke zama kusa da shi a kan benci, kamar yadda ba a zama kusa da mai jiran sakamakon asibiti.

Wata Lahadi ina coci a ƙauye, aka zo lokacin roƙon addu'a. Baba ya miƙe, yana dafe da kafaɗar na kusa da shi. Ya ce ɗansa yana ƙasar nesa, ƙwallonsa kullum tana haye sanda, yana roƙon jama'a su taya shi addu'a Ubangiji ya sauko da ita. Fasto ya ɗaga hannu, mutane suka sunkuyar da kai, aka yi addu'ar da zuciya ɗaya. Bayan an tashi na ja Fasto gefe na yi masa bayani. Ya yi murmushi ya ce Ubangiji ya san abin da dattijon yake nufi. Daga baya Inna ta faɗa mini Baba yana maimaita roƙon kullum da asuba.

A makon nan Auta ya kuskure bugu ɗaya, ta bi ta gefe. Bai turo bidiyonsa ba. Mai horar da su ya kira shi ofis ya ce masa yana son sa, kuma Auta ya gane gargaɗi ne.

Lahadin da ta biyo baya Baba yana gidana a Tasawa, don washegari za mu wuce Maraɗi a auna idon. Maƙwabcinmu ne ya rako shi, wani dattijo Musulmi da suka yi kiwon awaki tare tun suna yara. Kawu muke ce masa. Na samu hanyar kallon wasan kai tsaye a waya, na jingina ta da tulu a tsakar gida bayan magariba. Baba ba ya iya bin wasan, don haka Kawu ya zama idonsa.

"Mi suke yi yanzu, Malam?"

"Kokawa. Mutum goma sun danne mutum guda."

"Auta na ciki?"

"Yana gehe, ya rungume hannu kamar mai jiran mota. Mai coci, ka tabbata aiki ɗanga yake yi? Ni ma zan iya wannan."

"Kai da ko jaki ba ka iya harbi."

"Jaki shi ke harbi, tsoho. Ido ya tahi, hankali ma ya bi shi?"

Suka yi dariya. Kawu ya tashi ya yi sallar isha ya dawo, har lokacin ba a kira Auta ba sai ƙananan bugu biyu na kusa. Duk biyun ya ci, duk biyun kuma Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ta haye." Na daina gyara musu. Ina ganin maki, ina ganin lokaci na ƙarewa, ƙungiyarsu tana baya da kaɗan, kuma ta tsaya nesa da sanduna.

Aka kira shi. Ya shigo fili da ɗan gudu. Ya ja baya, ya matsa gefe, ya ɗaga kai ya dubi sandunan sau ɗaya. Nisan ya fi duk wanda na taɓa gani ya buga. Ƙwallon ta tashi miƙe, daidai tsakiya, sai ta fara saukowa da wuri. Ta wuce ta ƙarƙashin sandar gicciye.

Kawu ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi. "Ta shiga! Wallahi ta shiga, tsoho, ta ƙasa ta bi."

Baba ya ɗaga hannuwa biyu sama, yana kiran sunan Yesu, hawaye na bin fuskarsa. Ya lalubo hannun Kawu ya riƙe. A cikin wayar, Auta yana tsaye ya dafe hular ƙarfensa da hannu biyu, ƴan ƙungiyarsu suna wucewa ta gefensa.

Na bar su har suka zauna. Sannan na ce, "Baba, ya kuskure. An cinye su."

"Malam ya ce ta shiga."

"Ta ƙasa ta bi. A wasansu wannan shi ne kuskure. Duk waɗanda ka gani a baya ci ne."

Na ɗauki wayar na kai dab da idonsa na hagu. An nuno Auta yana fita daga fili shi kaɗai, kansa a ƙasa. Ban san iyakar abin da Baba ya gani ba, amma ya san tafiyar ɗansa. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe gaskiya kake hwaɗi," ya ce.

Ya janye fuskarsa daga wayar.

"Abin da na roƙa ke nan. Na tsaya gaban jama'a na roƙa."

Kawu ya ce, "Haba, mai coci. Allah ba ya kuskuren jin mutum."

"Bai yi kuskure ba. Ya ba ni abin da na ce."

Ranar Talata aka sallami Auta. Ya kira ni daga cikin mota, kayansa a kujerar baya. Na ce masa tunda abin ya zo haka, ya taho gida. Ya ce kakar ba ta ƙare ba, masu bugu suna jin ciwo, suna kuskure, ana iya kiransa kowane lokaci, kuma wanda aka kira dole ya isa washegari. Ya ce wani lauya ya gaya masa in ya fita daga ƙasar yanzu ba ƙungiya a bayansa, ba tabbas a bar shi ya koma.

"Yaya, duk rayuwata abu ɗaya na koya. In na zo gida, mi zan buga?"

Na ce masa likita ya ce idon ya ƙara ja baya.

"Mako biyu," ya ce. "Ka ce masa mako biyu."

Na faɗa wa Baba. Bai ƙara cewa Auta ya taho ba. Yana ganin shi ya raba yaron da aikinsa, don haka ba shi da bakin neman wani abu kuma. A coci ya daina miƙewa lokacin roƙon addu'a. Fasto ya zo gida ya zauna da shi, Kawu ya yi ta tsokanarsa, Inna ta yi masa faɗa. Ya saurare su duka, ya ce ya gode.

An kira Auta gwaji a wasu garuruwa. Ya je, ya buga, aka ce ya yi kyau, aka ɗauki wani. Kaka ta ƙare. Ya koma dako, ya ce zai jira ta gaba.

Da lokacin zafi ya shigo, idon hagu ya rufe. Inna ce ta gane, da ta ga Baba ya juya fuskarsa wajen bango yana yi mata magana.

Har yanzu nakan je gida ƙarshen mako, in hau tudun bayan coci da Baba inda rezon waya ke kamawa, in kira Auta ta bidiyo. Baba yakan karɓi wayar ya kafa ta a kunne. Auta ba ya ganin komai sai kunnen Baba da furfurar gefensa, amma ba ya cewa a gyara. Makon da ya wuce Baba ya tambaye shi lafiyar ƙafarsa. Auta ya ce lafiya lau, akwai wani gwaji ranar Talata, ya roƙi Baba ya sa shi a addu'a. Baba ya miƙo mini wayar.

"Kai ka yi mishi," ya ce. "Kai ka san wasan."