Ranar da Aka Share Burtalin Haladu

Malam Haladu na gefen Zandam bai taɓa zama mai garke na a zo a gani ba. Shanu goma sha ɗaya ya gada, da gonar gero, da burtalin da ya ratsa hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu ya gangara tafki. Shekara arba'in yana kora su ta nan safe da yamma. Mutum ne mai saurin hawa, ko gaisuwa ka ja masa da tsawo sai ya haɗe rai, amma ba a taɓa kama saniyarsa a gonar wani ba.

Da aka ji za a zuba wa hanyar kwalta, masu awon hanya kuma suna tafe, mai unguwa Barau ya tara jama'a.

"Baƙin gwamnati ne," in ji shi. "Kada su iske mu cikin kashin shanu. Malam Haladu, ka kai dabbobinka bayan gari na kwana uku."

"Ranka ya daɗe, ai gara su gan su, su san da zamanmu."

Aka yi masa caa, wai ba shi da kara. Ya kora shanunsa yana ƙunƙuni. Mata suka share burtali tas, aka yayyafa ruwa, aka kafa rumfa daidai inda shanu ke tsallakawa. Masu awo suka zauna a inuwa, suka sha fura da nonon da Zahara'u matar Haladu ta dama, suka yaba tsaftar gari. Ko sawun kofato ɗaya ba su gani ba. To me za su rubuta?

Shekara na zagayowa sai ga kwalta, da lambatun siminti hagu da dama, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Babu inda dabba za ta haura sai an yi tafiyar awa biyu ta cikin gonakin mutane. Sawun Haladu huɗu a ofishin masu aikin kafin wani ma'aikaci ya ga dama ya buɗe masa taswira.

"Baba, nan babu burtali. Filin taro aka rubuta."

"Filin taron uban wa?"

Aka nuna masa ƙofa. Ya dawo ya jera itace, ya zuba ƙasa, ya yi 'yar gada. Kwana shida aka rushe ta, wai ta tare ruwa, a watan da ko ɗigo bai sauka ba.

Da bazara ta tsananta, farar saniyarsa mai jan gaba ta jiyo ƙamshin tafki, ta bi hanyar da ta sani. Ta rufta lambatu, ƙafafunta biyu suka karye. Da hannunsa ya yanka ta a cikin lambatun, motoci na wucewa suna hon. Abin takaici, waɗanda suka ce ba shi da kara su ne a gaba wurin karɓar nama.

Sauran goman suka rame da zagaye, haƙarƙari a waje. Ƙanensa Bappa da ke kiwo can wajen Ningi ya ce a turo masa su kafin su ƙare. Haladu ya yi sati yana faɗa da kowa, har da Zahara'u, sannan ya yarda.

Babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, aka loda su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu. Direba ya leƙo yana washe baki.

"Baba, kada ka damu, hanya ta yi kyau yanzu. Kafin la'asar mun isa."

Haladu ya buɗe baki zai zage shi, sai kuma ya juya ya shige gida.